Ɗakin Shan Rana ko Rumfar Shan Inuwa? Nazarin Ƙarin Gini a Gidajen Bakin Kogi a Wudil

Tsakure

Maƙalar ta dubi wani salon ƙarin gini da ya fito daga ƙasashen sanyi, wato ɗaki mai bango ko rufin gilashi da ake jingina wa gida domin ya tara ɗumin rana, ta kuma auna shi da yanayin garin Wudil a Jihar Kano. An dogara ga rubuce-rubucen masana gine-ginen Hausawa, da lissafin tsayuwar rana a sararin Wudil, da halin ƙasar bakin kogi. An gano cewa fuskar da ƙarin ginin ya kalla tana da babban tasiri a kan zafinsa, cewa rufin gilashi ba shi da muhalli a nan, kuma kogi ne ke yanke hukunci a kan harsashi. Maƙalar ta ba da shawarar a inganta rumfar da aka gada maimakon a maye gurbinta.

1.0 Gabatarwa

Gidan Bahaushe ba a gama gina shi. Ɗa ya isa aure, a yanka masa sashe. Amarya ta tare, a ƙara ɗaki. Hali ya samu, a fitar da rumfa a bakin ɗakin uwargida. Abin da zamani ya sauya shi ne kayan aiki da kuma inda ake kwaikwayo. Gilashi da alminiyom sun wadata a kasuwannin Kano, wayar hannu kuma tana nuna wa mai gida hotunan gidajen Turai da na bakin teku. Daga nan sha'awar rufe baranda da gilashi ke tasowa.

Tambayar maƙalar ita ce: idan mai gida a Wudil zai ƙara wurin zama mai haske da iska, wane fasali ne rana da kogi za su yarda da shi?

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Schwerdtfeger (1982) ya bi diddigin gidajen birnin Zariya, ya nuna yadda gida ke faɗaɗa ko tsukewa gwargwadon yawan iyali. Moughtin (1985) ya fayyace tsarin gida daga zaure zuwa shigifa har cikin gida, da hikimar sirri da ke tattare da jerin. Dmochowski (1990) ya auna gine-gine ya zana su, ya yi bayanin tubali da azara da makuba. Sa'ad (1981) ya saurari magina da kansu a kan abin da suke kira kyau a gini. Ta fuskar yanayi, Fry da Drew (1964) sun bambanta ginin da ya dace da yankin zafi mai danshi da na yankin zafi mai bushewa. Jadawalin Mahoney, wanda ya samo asali daga aikin tsara makarantu a Nijeriya, ya mayar da wannan bambanci ma'auni da mai zane zai iya bi.

Waɗannan ayyuka sun fi karkata ga manyan birane da manyan gine-gine. Ƙaramin ƙarin da ake jingina wa tsohon gida a garin bakin kogi shi ne abin da wannan maƙala ta ɗauka.

3.0 Hanyoyin Gudanar da Bincike

An bi hanyoyi uku. An nazarci ayyukan da aka ambata. An lissafa kusurwar rana a kan Wudil, wadda ke kusan digiri 11.8 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Sannan an ɗauki misalin ƙarin gini mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4, bangonsa mita 3, aka gwada shi a fuskoki huɗu. Alƙaluman da suka fito daga misalin ƙiyasi ne na lissafi, don a kwatanta fuska da fuska.

4.0 Wudil da Yanayinta

Wudil tana kudu maso gabas da birnin Kano, kimanin kilomita 40, a kan hanyar Maiduguri. Kogin da ya ratsa ta haɗakar ruwan Kano ne da na Challawa, wanda ke zarcewa Haɗejiya. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta koma hannun madatsu, har da rani ba ya yankewa. Wannan bai kawar da ambaliya ba: a daminar 2001 ruwa ya ci garuruwa da dama a Kano da Jigawa, yankin Wudil na ciki. Kasuwar shanu ta ranar Juma'a, da jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022, da Kwalejin 'Yan Sanda, duk sun jawo baƙi da buƙatar muhalli.

Shekara a nan ta kasu huɗu a bakin jama'a: bazara, damina, kaka da rani, hunturu kuma yana cikin rani. A Afrilu zafin yini yakan kusanci digiri 40. A Disamba da Janairu asuba takan sauka ƙasa da digiri 15, iska na busowa daga arewa maso gabas da ƙura. Ruwa ya fi ƙarfi a Agusta. Hadarin farkon damina kuwa daga gabas yake tasowa, da guguwar da ke yaye kwano.

Kogi ba teku ba ne. A Legas ko Fatakwal, gishirin iska ne ke cin ƙarfe, danshi ba ya ɗagawa, zafin rana da na dare ba su da nisa da juna, don haka gini mara nauyi mai yawan tagogi ya fi dacewa. A Wudil ruwan daɗi ne, iskar rani busasshiya ce, tazarar zafin rana da na dare kuma babba ce. Matsalar ruwa a nan daga ƙasa take tasowa.

5.0 Ɗakin Gilashi da Rumfa

Ɗakin shan rana ɗan Turai ne. Ya faro daga ɗakunan da masu hali ke killace itatuwan lemo don kada sanyi ya kashe su. Da aka soke harajin gilashi a Ingila a 1845, aka kuma gina katafaren zauren gilashi na baje kolin Landan a 1851, salon ya shiga gidajen masu matsakaicin ƙarfi. Aikinsa a fili yake. Haske na ratsa gilashi, daɓe da bango su sha su yi zafi, zafin kuma ya kasa komawa ta inda ya shigo. Duk wanda ya taɓa buɗe motar da ta yini a rana a bakin kara ya san sakamakon.

Rumfa akasin haka aka yi ta. Tana tare rana daga sama, ta bar gefe a buɗe. A cikinta ake tankaɗe da kitso da karɓar 'yan barka, a nan ake shimfiɗa tabarma idan ɗaki ya gagari kwana. Tana kuma kare bangon ɗakin da take jingine da shi, ta hana shi shan rana da dukan ruwa. Ginin ƙasa mai kauri yana jinkirta zafin yini har dare, ya saki ɗuminsa da asubar hunturu. Rumfa da tubali abokan aiki ne.

6.0 Sakamakon Bincike

6.1 Fuskar Gini

A Wudil rana na tsayawa daidai tsakar ka sau biyu a shekara, wajen 21 ga Afrilu da 22 ga Agusta. Tsakanin ranakun biyu tana karkata arewa, sauran shekara tana kudu. A ƙarshen Yuni tsayinta da tsakar rana kusan digiri 78 ne ta arewa. A ƙarshen Disamba kusan digiri 55 ne ta kudu.

Ga bango mai mita 3, lissafin ya nuna haka. A fuskar arewa, bakin rufi da ya fito santimita 65 ya isa ya inuwantar da bangon har ƙasa da tsakar rana. A fuskar kudu ana buƙatar kimanin mita 2.1 a Disamba. Amma da yake lokacin ɗari ne, ranar da ta kutso ƙarƙashin gajeren rufi alheri ce, kuma da bazara ta matso sai rana ta hau sama inuwa ta rufe bangon da kanta. A fuskar yamma labari ya sha bamban. Sa'o'i huɗu bayan tsakar rana a Afrilu, wato bayan la'asar, rana na kusan digiri 31 kawai daga ƙasa, sai rufi ya fito mita 5 kafin ya tare ta. Babu mai gina wannan. Gabas daidai take da yamma a lissafi, sai dai ranar hantsi na samun iska da sauran sanyi. Illarta ita ce nan hadari ke bugawa.

Ke nan kudu ce fuskar da ta fi dacewa da wurin zama na duk shekara, tana kuma karɓar iskar damina mai zuwa daga kudu maso yamma, ta ba wa ƙurar hunturu baya. Arewa na bi mata ga mai neman sanyin bazara. Yamma ba ta da magani sai bango ko itace mai duhuwa kamar darbejiya ko mangwaro. Giginya, duk da amfanin azararta, inuwarta na nesa ka sha.

6.2 Rufi da Gilashi

Da tsakar ranar bazara, kowane murabba'in mita na shimfiɗe yana karɓar kimanin wat 900 na zafin rana, farin gilashi mai falle ɗaya kuma yana barin kusan kashi 80 cikin 100 su wuce. A rufi mai murabba'in mita 12, wannan ya haura kilowat 8. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana kwashe kimanin kilowat 3.5. Biyu ma ba za su ishi wannan ɗan ɗakin ba, ko da wutar lantarki ba ta ɗaukewa.

Gilashi a tsaye a fuskar kudu, ƙarƙashin bakin rufi, yana da amfani na watanni biyu zuwa uku: ya tare ƙura, ya ba tsofaffi da jarirai wurin shan hantsi. Sharaɗinsa shi ne ya zama mai zugewa gaba ɗaya, da raga a bayansa saboda sauron fadama. Akwai kuma batun sirri. Gilashi mai duhu ko mai madubi da rana kaɗai yake rufa asiri. Da an kunna fitila da dare, na waje ke ganin na ciki. Wurin zaman mata ya fi aminci idan ya kalli tsakar gida.

Kwano ba tare da silin ba shi ma yana sauke zafi a kan mazauna. A bar sarari tsakanin kwano da silin, da kafar da iska mai zafi za ta fita. A ɗaure katakon rufi da rodi ko langalanga zuwa cikin linta, domin rumfa mai buɗaɗɗen gefe ita guguwa ke fara shiga ƙarƙashinta.

6.3 Harsashi da Danshi

Ƙasar da kogi ya shimfiɗa yashi ce da laka, ruwan ƙarƙashinta kuma yana tasowa da damina. Bulo da tubali suna tsotsar wannan ruwa zuwa sama, alamarsa ita ce farin gishiri da ɓamɓarewar filasta a gindin bango. Don haka daɓen ƙarin gini ya kamata ya ɗara alamar ruwa mafi tsayi da dattawan unguwa suka shaida, a yi ciko a daddale shi sosai, a shimfiɗa leda mai kauri kafin zuba jamin fulo. Ginshiƙan katako a ɗora su bisa kankare saboda gara.

Mahaɗar sabon gini da tsoho ita ce wurin rauni. Tsoho ya riga ya zauna, sabo yanzu zai fara. Idan birkila ya sarƙe su, tsaga za ta bayyana a mahaɗar. Ya fi kyau sabon ya tsaya da harsashinsa, a bar siririn tsakani a toshe shi da abu mai laushi. Idan tsohon na ƙasa ne, kada a ɗora masa nauyin sabon rufi, kada kuma a lulluɓe shi da siminti, domin siminti na kulle danshi a ciki har bangon ya ruɓe ba a sani ba.

Sai ruwan rufi. Ruwan sama na milimita 50 a kan murabba'in mita 12 lita 600 ne, duro uku ke nan. Magabata sun tsawaita indararo don ya jefa ruwa nesa da gindin bango. Sabon rufi ma yana buƙatar mazurari da kwata, ba tare da an juya ruwan kan katangar maƙwabci ba.

7.0 Kammalawa

Binciken ya nuna cewa ɗakin shan rana an ƙirƙire shi ne don warware matsalar da Wudil ba ta da ita sai na 'yan watanni, alhali yana tsananta wadda take fama da ita mafi yawan shekara. Ƙarin da ya dace shi ne rumfa mai kallon kudu ko arewa, mai rufi mara ratsa haske, mai raga da gilashi mai zugewa, a kan daɓe mai tudu da harsashi mai zaman kansa. Duk waɗannan suna cikin ƙarfin birkila da kafinta da mai walda na gari.

Aikin da ya rage na awo ne. A sanya ma'aunin zafi da danshi a rumfunan unguwannin bakin kogi da na tudu, masu kallon fuskoki daban-daban, tsawon shekara guda, a kuma rubuta abin da tsofaffin magina suka sani game da inda ruwa ya taɓa kaiwa. Jami'ar da ke garin ita ta fi kowa kusa da wannan aiki.