Me Ya Sa Ɗinkin Yadi Mai Talewa Yake Tsinkewa? Tarihin Wani Tsohon Saɓani

Ranar jajiberin Sallar bara ƙanwata ta ɗinka wa 'yarta riga da yadin jesi, irin mai talewar nan da ake hijabi da shi. Ɗinki ya yi kyau a ido. Yarinya na zura kanta sai muka ji ɓas, ɓas, zaren wuya ya tsinke, gindin rigar kuma ya yi tattara. Ta ce ko dai keken ya lalace, ko hannunta ne bai iya ba. Ko ɗaya babu. Keken da yadin ne kowanne ya biyo tasa hanyar a tarihi, ba a yi ɗaya don ɗaya ba.

Bari mu fara da yadin. Atamfa da shadda saƙar masaƙa ce: zaren tsaye da zaren kwance suna gittawa, kowanne a miƙe, shi ya sa in ka ja ba sa biyo ka. Jesi kuwa, da safa da singileti, saƙar madauki ce, irin ta suwaita. Zare ne yake lanƙwasa, kowane madauki ya sarƙe cikin ɗan'uwansa. In ka ja, madaukan su buɗe. In ka saki, su koma. Wato talewar tana cikin tsarin saƙar tun kafin a sa mata roba.

Irin wannan saƙa ta daɗe. An tono safunan auduga a Masar da suka kai shekara ɗari takwas ko fiye. Da hannu ake yin ta har shekarar 1589, lokacin da William Lee, wani mutumin yankin Nottingham a Ingila, ya ƙera injin saƙa safa. Bai samu goyon bayan fadar Ingila ba, sai ya kwashi injinsa ya koma Faransa. Daga baya sana'ar ta kafu a Ingila, har ta kai a 1811 masaƙan Nottingham suka riƙa farfasa injinan saboda an karya musu lada. Amma lura da abu guda: mafi yawan abin da ake saƙawa a lokacin ana fitar da shi ne da siffarsa, kamar safa da hula. Ɗinkin da yake buƙata kaɗan ne.

Shi kuma keken ɗinki labarinsa daban. A 1846 Elias Howe ya yi rajistar nasa a Amurka, Isaac Singer ya biyo baya a 1851. Ɗinkinsu na zare biyu ne, na sama da na ƙasa, suna harɗewa a tsakiyar yadi, su tafi a miƙe kamar layin dogo. Ga yadin da ba ya talewa, babu kamarsa. Wannan ɗinkin ne har gobe baƙin keken Singer ko Butterfly da ke shagunan teloli da ɗakunan iyayenmu mata yake yi.

To ga inda gizo ke saƙar. Miƙaƙƙen ɗinki ba shi da rarar zare. Yadi ya tale, zare ya ƙi, dole ɗaya ya ba da kai, kuma zaren ne ke tsinkewa. Na biyu, haƙoran keke suna jan yadi ta ƙasa, ƙafar da ke danne shi tana riƙe na sama, sai ya miƙe ana cikin ɗinki, ya fito da tattara. Na uku, allura mai tsini tana iya yanke madauki guda, kuma guda ɗin ya isa ya warware layi sukutum, kamar yadda safa ke yi. Wani lokacin ma yadin kan biyo allura sama, ƙugiyar ƙasa ta kasa cafke zare, ɗinki ya yi tsallake.

Masana'antu sun ga matsalar da wuri. A 1873 Helen Blanchard ta yi rajistar keke mai ɗinkin zigizaga, wanda karkacewarsa ke ajiye rarar zare. A shekarun 1880 kamfanin Merrow na jihar Connecticut, wanda asalinsa masaƙa ce, ya fito da injin da ke naɗe bakin yadi da madaukai. Shi ne kakan injin da telolinmu ke kira wibin. Dabarar mai sauƙi ce: yadin madauki sai ɗinkin madauki.

Sai dai injinan sun tsaya a masana'anta, yadin kuwa ya shigo gida. Wajen 1916 Coco Chanel ta fara yi wa matan Faransa kayan fita da jesi, yadin da a da an fi saninsa da kayan ciki na maza. A 1958 Joseph Shivers na kamfanin DuPont ya samar da zaren roba da aka sayar da sunan Lycra, mai iya ninka tsawonsa sau biyar ya dawo. Ƙaramin injin wibin na gida kuwa sai a shekarun 1960 Japanawa suka ƙera shi, kuma har yau ba kowane gida ke da shi ba.

Me mai ɗinki a gida zai yi? In kekenka na yin zigizaga, yi amfani da siririnsa. Nemi allura mai dunƙulen baki, wadda ke ratsa tsakanin madaukai ba ta huda su ba. Kada ka ja yadi, bar haƙora su tafi da shi. Shimfiɗa siririyar takarda a ƙasa na rage tattara. In kuma baƙin keke kawai gare ka, wuya da ƙugu da duk inda zai tale, kai su wurin mai wibin.

Haka ƙanwata ta yi bayan Sallah. Rigar na nan, yarinya ma har ta fi ƙarfinta, ɗinkin bai sake tsinkewa ba.