Zangon Karatu da Zangon Damina: Waiwaye a kan Rayuwar Ɗalibi a Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi

1.0 Gabatarwa

Ilimin aikin gona ya bambanta da akasarin fannonin da ake koyarwa a jami'a ta fuska guda, wato ba hukumar jami'a kaɗai ke yanka masa lokaci ba. Malamin tarihi ko na lissafi yana iya ɗage darasin watan Yuni zuwa Disamba ba tare da an yi asarar komai ba. Amma wanda zai koya wa ɗalibi shukar waken suya tilas ne ya jira ruwa ya zauna, idan kuwa ruwan ya ɗauke, to sai baɗi. Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi, domin a ga yadda ɗalibinta ya rayu a tsakanin waɗannan lokuta biyu, na ajin karatu da na damina.

2.0 Asalin Jami'ar

Koyar da noma a makaranta ya girmi jami'a a Nijeriya ta Arewa. A shekarar 1922 Turawan mulkin mallaka suka kafa tashar gwaje-gwajen noma a Samaru kusa da Zariya, daga baya kuma makarantar aikin gona ta wurin ta shiga yaye waɗanda jama'a suka sani da malaman gona. Su ne aka riƙa turawa ƙauyuka da irin auduga da na gyaɗa da kuma garmar shanu. Bayan an kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ilimin noma ya hau matakin digiri, tare da taimakon malamai daga Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka. Sai dai a can tsangayar aikin gona ɗaya ce daga cikin tsangayoyi masu yawa, ɗalibinta kuma yana kwana ɗaki ɗaya da mai karatun shari'a ko mulki, ba abin mamaki ba ne idan shi ma ya sa ido ga kujerar ofis.

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya janye hankalin hukuma da na matasa daga gona, har ƙasar ta koma shigo da abinci. Shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da shirin bunƙasa noma na gwamnatin Shehu Shagari a 1980 duk yunƙuri ne na gyara wannan ɓaraka. A 1980 ɗin ne aka buɗe jami'ar fasaha ta tarayya a Makurɗi. Ba ta yi ƙarko ba, domin a 1984 gwamnatin soja ta mayar da ita reshen Jami'ar Jos saboda tsimin kuɗi. A farkon 1988 gwamnatin Ibrahim Babangida ta sake ba ta cin gashin kanta a matsayin jami'ar aikin gona zalla, tare da takwararta ta Abekuta, sannan ta Umudike ta biyo baya a 1992. Shugabanta na farko shi ne Farfesa Francis Idachaba, masanin tattalin arzikin noma. A zamanin mulkin farar hula na Muhammadu Buhari aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Joseph Sarwuan Tarka, don tunawa da fitaccen ɗan siyasar nan na ƙabilar Tibi.

Manufar 1988 an aro ta ne daga tsarin jami'o'in noma na Amurka da dokar Morrill ta 1862 ta haifar, wato a haɗa koyarwa da bincike da isar da sakamakon binciken ga manomi a inuwa guda. Bisa wannan tunani, jami'a ba za ta zauna a tsakiyar birni ba. Dole ta fita inda gona take.

3.0 Mazaunin Ɗalibi

An kafa harabar a arewacin kogin Binuwai, a kan hanyar Gbajimba, a fili mai faɗin kimanin kadada 8,000. Ɗalibin da ya zo daga Kano ko Sakkwato yakan tarar da abubuwa biyu da ba su yi masa kama da gida ba. Na farko zafi ne mai gumi, irin na bakin kogi, da sauron da ke biye da shi. Na biyu kuwa ita kanta ƙasar noma. Ya tashi ya ga ana huɗar kunya don gero da dawa, a nan kuma sai ya ga manomin Tibi yana tara tulin ƙasa da ƙatuwar garmarsa domin doya, ga rogo da riɗi da waken suya da lemo. Ko da ɗan manomi ne gaba da baya, a gonar doya baƙo ne, kuma sau da yawa ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da jami'ar ya fi shi sanin lokacin da ya dace a binne iri.

Nisa daga gari shi ma ya tsara rayuwar ɗalibai. Wanda bai samu gado a ɗakunan kwana ba sai ya kama haya a ƙauyukan kewaye ko a unguwar North Bank, ya riƙa bin motar haya ko acaɓa. Ɗalibai Hausawa sukan tsallaka gada zuwa Wadata, tsohuwar unguwar da Hausawa suka daɗe a cikinta, don su ci tuwo su ji harshen gida. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma duk wanda aiki ko karatu ya taɓa raba shi da garinsu ya san ba ƙarami ba ne.

4.0 Shekarar Gona

Digirin aikin gona a jami'o'in Nijeriya shekara 5 ne, an kuma ware shekara ta huɗu domin aikin hannu. A shekarun farko ɗalibi yana fama ne da kimiyyar sinadarai da ta halittu da nazarin ƙasa, abubuwan da bai zaci suna da alaƙa da fartanya ba. A shekara ta huɗu sai a fitar da shi fili. Zai yi sharar gona, ya auna, ya yi huɗa, ya shuka, ya yi noman firi da maimai, ya zuba taki, ya rubuta abin da ya kashe da abin da ya girbe. Zai kuma zagaya sashen kaji da na dabbobi da na kifi, ya shiga ƙauye ya zauna da manoma.

A nan ne ake gane wanda ya zo don noma da wanda rashin samun gurbin likitanci ya jefo shi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai kuma wani tsohon miki da ɗalibai da dama suka zo da shi daga makarantun firamare da sakandare, inda aka saba hukunta mai laifi da sare ciyawa ko noman gonar makaranta. Yaron da aka nuna wa cewa duƙawa a gona horo ne, da wuya a ce masa rana ɗaya ita ce darasi mafi daraja a digirinsa ya gaskata. Duk da haka, ana iya cewa wannan shekara ita ce ginshiƙin manufar 1988 baki ɗaya. Idan aka cire ta, babu abin da ya raba jami'ar noma da kowace jami'a sai suna.

5.0 Saɓanin Lokutan Biyu

Damina a Makurɗi takan kama daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Shekarar gona tana yin armashi ne kawai idan zangon karatu ya faɗo a cikin waɗannan watanni. Tun daga shekarun 1990 kuwa, takaddamar da ke tsakanin gwamnatin tarayya da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta riƙa gusar da zangon daga mazauninsa. Ba hurumin wannan maƙala ba ne ta raba gardama tsakanin ɓangarorin biyu, domin ƙorafin malamai kan rashin kayan aiki ya shafi gonar koyarwa fiye da ko'ina: tarakta da ba gyara ba ta huɗa. Abin lura shi ne watannin da rufewar ta cinye. Yajin aikin 2013 ya kama daga Yuli zuwa Disamba, wato daga lokacin shukar waken suya har bayan girbinsa. Na 2020 ya haɗu da annobar korona, ya tashi daga Maris zuwa Disamba. Na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, aka janye shi ranar 14 ga Oktoba, kamar an auna shi da damina.

Ɗalibin lissafi da ya dawo a watan Oktoba ya yi asarar wata 8, amma zai ɗora daga shafin da ya tsaya. Ɗalibin shekarar gona da ya dawo a wannan wata zai tarar maƙwabtansa manoma suna haƙar doya suna shirin yankan waken suya, filinsa kuwa ciyawa ta rufe shi. Abin da ya rage a gabansa bai wuce uku ba: ya jira wata damina, shekararsa ta ƙara tsawo, ko a mayar da shi ga noman rani a fadamar Binuwai, wanda darasi ne mai amfani amma ba shi ne noman da yawancin manoman jihar suka dogara da shi ba, ko kuma a taƙaita aikin a cike gurbinsa da rahoto a takarda.

Sashen shiga ƙauye shi ma ya gamu da nasa cikas. Hanyar da ta bi ta gaban jami'ar ita ce ke zuwa ƙaramar hukumar Guma, ɗaya daga cikin wuraren da rikicin manoma da makiyaya ya fi ƙamari, musamman a farkon 2018, bayan dokar hana kiwon sake ta jihar Binuwai ta fara aiki a watan Nuwamba na 2017. Manoman da ya kamata ɗalibi ya je ya zauna da su a gonakinsu, da yawa daga cikinsu a wancan lokaci suna sansanonin 'yan gudun hijira ne, wasu a gefen garin Makurɗi kansa.