Me ya sa ba za ka iya sa ƙaramar bindiga a aljihu ba? Zare 🧵

1/ Bayan an ƙwace wa wani abokina waya a nan Hotoro, ya shiga tambaya wace ƙaramar bindiga ce ta fi dacewa da aljihu. Na ce malam, bidiyon Amurkawa ya ruɗe ka.

2/ Maganar ta girme mu. A 1890 Turawa suka zauna a Brussels, suka taƙaita shigo da bindigogin zamani yawancin Afirka. Bindigar toka da albarushi suka bar mana. Shi ya sa a Fabrairun 1903, da Kanar Morland ya zo Kano da igwa da Maxim, ganuwa ba ta yi kwana ɗaya tana tare shi ba.

3/ Dokar bindigogi ta 1959, wadda har yau take aiki, ta raba su uku. Ta toka, kwamishinan 'yan sanda. Ta farauta mai harsashi, Sufeto Janar. Fistol da libarba kuwa, layi ɗaya aka sa su da mashin-gan da gurneti, sai lasisin shugaban ƙasa. In an kama ka babu shi, ana maganar shekara 10.

4/ A Yunin 2022 gwamnatin Matawalle ta ce 'yan Zamfara su nemi bindiga. Janar Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan ikon.

5/ Abokin nawa dai ya koma fita da rakani-kashi bayan magariba.