Watandar haske: yadda masu sha'awar tocila suka ƙwato jan launi

Wanda ya rayu da tocila mai ƙwan zare, irin Maglite da ta fito a Amurka a 1979, zai tuna haskenta: mai rauni, mai cin batir, amma idan ya sauka a kan tumatir, ja ne ake gani. Da tocilan LED suka mamaye kasuwa, haske ya ninka, batir ya daɗe, sai dai fuskar mutum ta koma toka-toka kamar marar lafiya. Yawancin masu saye ba su damu ba. Wasu tsiraru sun damu, kuma abin da suka yi ya cancanci a rubuta.

Tushen matsalar yana garin Anan na Japan. A can ne, a 1993, Shuji Nakamura na kamfanin Nichia ya samar da LED mai shuɗin haske mai ƙarfi, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2014 tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano. A 1996 kamfanin ya lulluɓe shuɗiyar ƙwayar da hodar sinadarin fosfo, wadda ke shanye wani ɓangare na shuɗin ta mayar da shi ruwan ɗorawa. Ido yana haɗa biyun ya ga fari. Amma fari ne mai giɓi, domin kusan babu ja a cikinsa, kuma abu ba ya mayar wa ido launin da hasken bai kawo masa ba.

Akwai ma'aunin wannan, wato CRI, wanda hukumar haske ta duniya, CIE, ta fitar a 1965. Hasken rana da ƙwan zare suna samun maki 100 ko kusa da haka. Farin LED na gama-gari yana tsayawa wajen 70. Ma'aunin kansa yana da rauni: matsakaicin launuka takwas ne masu taushi, ja mai kauri ba ya ciki. Shi ana auna shi daban da sunan R9, kuma a LED mai arha makinsa kan faɗi ƙasa da sifili.

Maganin sananne ne, a ƙara jar hoda. Cikas ɗin shi ne ido ya fi jin kore, ja mai zurfi kuwa ba ya ƙara adadin lumen sosai. Duk ƙwayar da ta inganta launi sai ta yi asarar ƙarfi a takarda, kuma a lokacin adadin lumen da ke jikin kwali shi ke sayar da tocila. Kamfanoni suka bi lamba.

Masu sha'awar suka yanke shawarar sauya ƙwayar da hannunsu, sai suka ci karo da tsarin ciniki. Ƙwayoyin LED ba sa fitowa daga masana'anta iri ɗaya. Ana tantance su rukuni-rukuni gwargwadon ƙarfi da karkatar launi. Wani rukunin ya karkata zuwa kore, wani zuwa ruwan hoda. Dillalai kuma suna sayarwa ne a naɗi mai ɗauke da ɗaruruwa ko dubban ƙwayoyi. Mai buƙatar guda huɗu, kowace faɗinta milimita 3.5, ba shi da ƙofar shiga.

Sai suka koma ga abin da Bahaushe ya sani da watanda: ba ka iya sayen sa kai kaɗai, sai ku haɗa kuɗi, a yanka, kowa ya ɗauki kasonsa. Mutum ɗaya ya nemo farashi, ya buɗe rajista, ya jira a cika adadi, sannan ya sayo naɗin, ya yayyanka da almakashi, ya aika ta gidan waya zuwa ƙasashe daban-daban. Shi ke ɗaukar kasadar. Idan wasu suka janye, ragowar kaya ta kwana a hannunsa. Idan dillali ya kawo rukunin da ba shi aka nema ba, sunansa ne zai ɓaci, domin ido tsirara ba ya bambancewa sai an liƙa an kunna. A ganina wannan ne ginshiƙin labarin: mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suna tura kuɗi kan lambar rukuni kawai.

Ƙwayar da ta fi shahara a wannan harka ita ce Nichia 219B, musamman rukunin sw45k, mai CRI sama da 90, R9 sama da 80, da haske mai ɗan ruwan hoda. Ba mamaki Nichia ce: tun kafin LED, sana'arta ita ce hodar fosfo ta fitilu da talabijin. Da 219B ta yi wuya a kasuwa, sai aka riƙa ɓoyon ragowarta kamar zinariya.

Ƙananan masu ƙera tocila a Sin, irin su Convoy da Emisar, sun fahimci akwai kasuwa, suka fara barin mai saye ya zaɓi ƙwayar da yake so. Zuwan Nichia 519A a farkon shekarun 2020, wadda ta haɗa ingancin launi da ƙarfi mai gamsarwa, ya rage buƙatar watandar ƙwarai. Masu sha'awar kuwa ba su huta ba: sun gano cewa idan aka ɓare ƙoƙon silikon da ke kanta, hasken yana ƙara ɗumi ya karkata zuwa ruwan hoda, kusa da na tsohuwar 219B.