Yadda Masu Gudun Famfalaki Suka Koyi Zama da Zafi

Gudun famfalaki, wato tseren da ake cin mil 26 da ɗoriya a ƙafa, ya shiga wasannin Olamfik tun 1896. To, da yake galibi da bazarar Turawa ake yin waɗannan wasanni, tun farko rana ta zama babbar abokiyar gabar magudan. Abin da za mu duba a nan shi ne yadda aka yi shekaru fiye da hamsin ana shirya mata ta bauɗaɗɗiyar hanya.

A da, abin da masu horarwa suka ɗauka shi ne, shan ruwa cikin gudu ragwanci ne, yana kuma nauyaya ciki. An gwada wannan ra'ayi a birnin St. Louis na Amurka ran 30 ga Agusta, 1904. Da rana tsaka aka saki mutum 32, zafi ya kai awo 32, hanya duk ƙura, daga mil na 12 kuma babu sauran wurin shan ruwa. Shugaban shirin, James Sullivan, so yake ya ga iyakar ƙishirwar da ɗan Adam zai iya ɗauka. Na san mai karatu na Sakkwato zai ce awo 32 ai sanyi ne. Sai dai ya tuna mai gudu wutarsa a cikin jiki take, in kuwa iska ta cika laima, zufa ba ta bushewa balle ta sanyaya shi. Mutum 14 kaɗai suka kai. Wanda ya ci, Thomas Hicks, da ya roƙi ruwa sai masu kula da shi suka ɗura masa farin ƙwai da barasa da ɗan dafin da ake kashe ɓera da shi, aka rirriƙe shi ya ƙetare layi. Cikin waɗanda suka kai har da baƙaƙen fata biyu daga Afirka ta Kudu, Len Taunyane da Jan Mashiani, na tara da na goma sha biyu.

A Stockholm, cikin Yulin 1912, abin ya kai ga rai. Francisco Lázaro, wani kafinta ɗan Fotugal, ya shafe jikinsa da kitse don kare kansa daga rana. Ashe ƙofar zufa ya toshe. Ya faɗi wajen kilomita 30, kashegari ya cika. Kusan rabin waɗanda suka shiga ba su kai ba. Ɗaya daga cikinsu, Shizo Kanakuri na Japan, ya galabaita a hanya, wasu mutanen gari suka yi jinyarsa, ya sulale gida don kunya bai sallami kowa ba. Sai a 1967 aka gayyato shi, yana tsoho, ya ƙarasa tseren bayan shekara 54.

Duk da haka ba a daddara ba. Dokar hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta 1953 ta hana a ba magudi abin sha sai ya ci kilomita 15. Shekara guda bayan haka, a Vancouver ta Kanada, Jim Peters na Ingila, wanda a lokacin babu mai kamo shi a duniya, ya shigo fili ya ba na biyu ratar kusan minti 17. Nan ya yi ta faɗuwa yana tashi a gaban dubban mutane, bai kai layi ba, bai kuma sake shiga tsere ba.

Abin mamaki, hasken da ya warware matsalar daga ramin zinariya ya fito. A ma'adinan Afirka ta Kudu, inda ake haƙa ƙasa fiye da mil guda, zafi ya riƙa kashe leburori baƙar fata, musamman sababbin zuwa. Tun cikin shekarun 1930 wani likita mai suna Dreosti ya fara sa su aiki a ɗakin da aka zafafa kafin a tura su ƙasa, daga baya Cyril Wyndham ya faɗaɗa binciken. Kada a ɗauka tausayi ne zalla: leburan da ya faɗi hasara ce ga kamfani. Amma abin da aka gano gaskiya ne. In mutum ya yi aiki cikin zafi a hankali, kullum ana ƙara masa kaɗan, cikin kwana goma zuwa sha huɗu jikinsa zai sauya. Ruwan jininsa ya ƙaru, zufa ta fara zuwa da wuri kuma da yawa, gishirin da ke fita cikinta ya ragu, bugun zuciya ya sassauta. Wato abin da ake koya wa jiki shi ne yin zufa, ita kuwa zufa da ruwa ake biyanta. A 1969 Wyndham da abokin aikinsa Strydom suka buga gargaɗi a kan haɗarin ƙarancin shan ruwa a gudun famfalaki.

Wasu magudan ma sun riga malaman. Buddy Edelen, Ba'amurke mai koyarwa a Ingila, ya san ƙasar da yake zaune ba ta da rana, sai ya riƙa jibga riguna bisa riguna yana gudu. A watan Mayun 1964, a tseren fid da gwani na Yonkers, rana ta ƙwalle, mafi yawa suka zube, shi kuwa ya ba na biyu ratar kusan minti 20.

Daga baya aka sassauta dokar ruwa, har wasu suka wuce gona da iri, suka sha fiye da kima, gishirin jininsu ya tsarma, shi ma ya yi kisa. Sabo kuma yana da iyaka. A gasar duniya ta Doha a 2019, sai da tsakar dare aka saki mata don gudun rana, amma laima ta hana zufa bushewa: cikin 68 da suka tashi, 40 ne suka kai.