Daga gajeren zango zuwa cikin tokamak

Auna filasma ta hanyar harba mata igiyar rediyo a jira dawowarta sana'a ce da ta kai shekara ɗari, kuma a sararin samaniya aka fara ta. Filasma iska ce wadda tsananin zafi ko hasken rana ya fizge wa ƙwayoyinta elektiron, har ta koma mai ɗaukar lantarki. Halinta shi ne, igiyar da saurin kaɗawarta bai kai wani mizani ba ba ta iya ratsa ta, sai dai ta juyo. Gwargwadon cunkoson elektiron, gwargwadon tashin mizanin.

A Disambar 1901 Marconi ya kama saƙon rediyo da ya tsallako Tekun Atlantika daga Ingila, abin da ya ɗaure wa masana kai, tunda duniya a lanƙwashe take. Kennelly da Heaviside suka ce a 1902 lallai akwai wata shimfiɗa a sama mai mayar da igiyar ƙasa. Sai a Disambar 1924 Edward Appleton ya tabbatar da ita, ya ari tashar BBC ta Bournemouth, ya auna tsayinta ya samu kusan kilomita 100. A 1925 Breit da Tuve a Amurka suka fito da dabara mai sauƙi: a aika gajeren bugu, a lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, kamar mai kiyasta zurfin rijiya da amsa-kuwwa.

Wannan shimfiɗa ta filasma, wato ayonosfiya, ita ce ta riƙa sauko da gajeren zango cikin gidajen GRA ta Katsina da sauran ƙasar Hausa, tun da BBC ta buɗe Sashen Hausa a 1957, haka ma Rediyon Kaduna a mita 49. Mai saurare ya san yadda murya kan taso ta lafa, a murɗa maɓalli a karkata eriya, ba ta daina ba. Akwatin bai yi laifi ba; filasmar ce ke motsi. Najeriya na ƙarƙashin yankin da wannan motsi ya fi tsanani, kusa da tsakiyar maganaɗisun duniya, musamman bayan faɗuwar rana. Shi ya sa tashar awon da aka kafa a Ibadan a farkon shekarun 1950 ta yi suna.

Ana nan, masanan Tarayyar Sobiyet suka ƙera tokamak, tukunya mai siffar zobe da ke tsare filasma da maganaɗisu domin haɗe ƙwayoyin haidirojin a sami makamashi. Sakamakon na'urar T-3 a 1968 ya ja duniya zuwa gare ta. Matsalar ita ce zafi na sulalewa fiye da yadda lissafi ya nuna, nesa ba kusa ba. Aka zargi hargitsi, wato ƙananan guguwoyi masu faɗin 'yan milimita zuwa santimita da ke kwashe zafi daga tsakiya zuwa gefe. To, da me za a auna su? Duk ƙarfen da aka zura cikin digiri miliyan 100 ba zai kai labari ba.

Nan tsohuwar dabarar ta sake amfani. Cunkoson elektiron a tokamak ya ninka na ayonosfiya kusan sau miliyan 100, don haka maimakon megahaz kaɗan, sai aka koma maikurowef na gomman gigahaz zuwa sama da 100. Kowane saurin kaɗawa da inda yake juyowa. Idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya, a zana yadda cunkoso ke ƙaruwa daga gefe zuwa ciki. Rawar da ke cikin igiyar da ta dawo kuwa, wadda da farko hayaniya ce mai ɓata awo, ita ce sawun hargitsin.

Karanta wannan sawu ya yi wuya, domin shimfiɗar da ke mayar da igiyar ba sumul take ba, tana watsa ta ta ko'ina. A na'urar TFTR ta Princeton, Mazzucato da Nazikian sun yi amfani da igiyoyi biyu masu juyowa kusa da juna suka kiyasta faɗin guguwoyin a 1993. Daga baya aka koyi karkata eriya da gangan, yadda sauyin kaɗawar igiyar zai nuna gudun da hargitsin ke yi a kewayen zoben. Da irin waɗannan awo aka ƙara fahimtar abin da Friedrich Wagner ya gano a na'urar ASDEX ta Jamus a 1982: wani yanayi da riƙon zafi ke ninkawa kusan biyu, saboda kwararar da ke gefen filasma tana yayyaga guguwoyin kafin su girma.

Tokamak ɗin ITER da ake ginawa a Cadarache ta kudancin Faransa ma da na'urar wannan awo a tsarinta. Dalilin a fili yake: eriya da bututun ƙarfe kaɗai take buƙata a bangon tukunyar, kayan lantarkinta kuwa ana ajiye su can nesa, bayan katangar da ke tare niyutiron.