Tabarmar Madawa: hannu ya ƙirga, ƙasa ta rina

Ran nan a Yamai wani ɗan ajinmu ya ɗaga tabarmata ya ce janta bai yi daidai ba, nan ya kama, can ya koɗe. Na ce masa, kai, ai nan tarihin yake.

Madawa ta daɗe da yin suna a tabarma. Da kaba ake saƙa ta, wato ganyen goriba tun ba ta miƙe ta zama itace ba. Tsiro ɗaya, suna biyu. Kakata ƙirga adonta take yi, sili kaza fari, kaza ja, ba ta ɓata ko ɗaya. Amma yadda kabar za ta sha rini, wannan ba a hannunta yake ba. Ta shekarar ruwa daban, ta shekarar fari daban. A da karan dafi ke ba da ja. Da galura ta shigo kasuwa launi ya ƙara kaifi, amma har gobe abin da kaba ta ga dama shi take sha.

Irin wannan saƙar aka yi wa ƙasarmu kanta. Bayan farin 1973 zuwa 1974, a 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa dogon yaro layi-layi a kwarin Majiya, wajen Buza, don tare iska. A 1984 aka buɗe furojen Keita da kuɗin Italiya, FAO na jan aikin. Yawancin ma'aikatan mata ne, suna jera duwatsu, suna gina ramuka, ana biyan su da abinci. Injiniya ya auna layi, amma inda itace ya kama da inda ya mutu, ruwan sama ya zaɓa. Ka hau tudu bayan damina ka duba ƙasa, wallahi tabarma ce: layi a miƙe, launi a warwatse.

Yanzu ta roba ta cika kasuwa, dubu kamar ɗaya, ba ta san damina ba balle fari. Ban ce kar a saya ba, ta fi arha. Sai dai kowane ado na kaba da sunansa, kuma a bakin tsofaffi kaɗai yake. In mun je hutu, mu ɗauki biro mu zauna kusa da su.